Ɗiya biyar, kwaɗo ɗaya da akwatin kuɗi

Yau littafin wata ƙasa mai nisa za mu duba tare. Sunansa Wildwood Dancing. Da Ingilishi aka rubuta shi. In an juya sunan da Hausa sai a ce "Rawa cikin ƙungurmin daji". Mace ce ta rubuta shi, ana ce da ita Juliet Marillier. An haife ta a 1948 a Dunedin, cikin ƙasar Niyu Zilan, daga baya ta koma Ostiraliya da zama. Littafin ya fito a 2006, har ya ci wata kyauta ta marubutan Ostiraliya mai suna Aurealis.

Ƙagaggen labari ne. Akwai aljanu a ciki, akwai kwaɗo mai magana, akwai tsohuwa mai sihiri. Wani cikinku zai ce, "To mu da muka girma ina ruwanmu da tatsuniya? Ai ta yara ce da tsofaffin mata." Ka dakata tukuna, ɗan uwa. Cikin wannan tatsuniya akwai maganar da ta shafi gidaje da yawa. In mai gida ya kwanta ciwo ko ya yi doguwar tafiya, kuma ɗiya mata kaɗai ya bari, wa zai riƙe makulli? Saboda wannan tambaya na kawo muku littafin. Zan ba ku labarin har ƙarshensa ba tare da ɓoye kome ba, don ba a tayin hatsi buhu yana ɗaure.

Ƙasar da abin ya faru

Sunan ƙasar Tiransilbaniya. Tana gabashin Turai, kuma tun 1918 take cikin Rumaniya. Ma'anar sunan da harshen Latin shi ne "bayan daji". Ƙasar duwatsu ce da manyan itatuwa. In ɗari ya shigo, ƙanƙara takan zubo daga sama ta rufe hanyoyi, tabki ya daskare har mutum ya taka ya wuce. Kyarketai su sauko daga daji su kama tumaki. Marubuciyar ta sa labarinta kamar shekara 500 da suka wuce, lokacin da wasiƙa ba ta tafiya sai a hannun mai doki.

Turawa sun san sunan wannan ƙasa saboda wani littafin ban tsoro, Dracula, wanda Bram Stoker ya fitar a 1897. Labarin mataccen da ke tashi da dare yana shan jinin mutane ne. Tun daga nan, da an ambaci Tiransilbaniya shan jini ke faɗo musu a rai. Juliet Marillier ta sa irin waɗannan a littafinta, ta kira su Mutanen Dare, amma ba su ta sa gaba ba. Ta fi kula da abin da mutanen karkarar Rumaniya da kansu suke faɗi. Suna da labarin wasu aljanu mata da suke kira Yele. Sun ce da dare sukan taru cikin daji su kewaya suna rawa, da safe a tarar ciyawar wurin ta ƙone. Wanda ya leƙa su yana iya shanyewa ko bakinsa ya mutu. Don tsoro ba a cika kiransu kai tsaye ba, sai a ce "kyawawan nan" ko "masu iska". Ku da kuka san yadda mu ma mukan ce iskoki ko mutanen ɓoye, ba sai an yi muku dogon bayani ba. Tabkin da ke tsakiyar labarin ma sunansa Tabkin Yele.

Gidan Teodor

Teodor attajiri ne mai fataucin kaya masu tsada. Ya sayi wani tsohon gidan dutse mai benaye da lunguna a bakin daji, ana kiransa Piscul Dracului, wato Tsaunin Shaiɗan. Matarsa ta rasu. Ɗiyansa biyar, duk mata. Babbar ita ce Tati, shekararta 16, kyakkyawa ce mai sanyin hali. Sai Jena mai 15, ita ce mai lissafi, ita ke taya babansu rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Sai Yuliya mai son ado da buki. Sai Paula, wadda ba ta da magana sai ta karatu. Sai autarsu Stela, ƴar shekara 5. Daga bakin Jena muke jin labarin duka.

Ƴan matan suna da asirin da ko babansu bai sani ba. Kowane wata, daren da farin wata ya cika, sukan kulle ɗakinsu su sa tufafin rawa. Su ɗaga hannuwansu su yi inuwa a jikin bango, sai ƙofa ta buɗe. Su sauka ta wani tsani mai tsawo har bakin tabki. Can ƙananan jirage na jiransu, a haye da su zuwa masarautar aljanu, inda sarauniya Ileana take shirya rawa. Su kwana suna rawa, kafin gari ya waye sun komo. Suna da dokoki: ba a ci ba a sha a can, ba a barin hanya, tare aka je tare za a dawo. Paula kam ba ta damu da rawar ba, wurin masanan aljanu take zama ana gardama. Jena kuma kullum da kwaɗonta a aljihu ko a kafaɗa. Sunansa Gogu. Cikin daji ta tsince shi tun tana ƙarama, yana mata magana a zuci, ita kaɗai ke ji.

Wannan ba duka marubuciyar ta ƙago ba. Tsofaffin tatsuniyoyi biyu ta ɗauko ta gwama. Wasu ƴan uwa biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, sun tattara tatsuniyoyin ƙasarsu suka buga, littafi na farko a 1812, na biyu a 1815. Cikinsu akwai ta kwaɗon da ya zama ɗan sarki. Akwai kuma ta ɗiyan sarki 12 waɗanda kullum da safe a tarar takalmansu sun tsage, ba a san inda suke zuwa ba. Sarki ya ce wanda ya gano asirin za a ba shi ɗaya cikinsu, wanda ya kasa cikin kwana 3 a kashe shi. Ƴan matan sukan ba mai gadin abin sha ya yi barci. A ƙarshe wani tsohon soja ya ƙi sha, ya yafa rigar layar zana, ya bi su ya gani, ya tona. Aka ba shi babbar.

Ku lura da yadda tsohuwar tatsuniyar take. Sojan ne gwarzo. Ƴan matan lada ne kawai, ba a tambaye su abin da ya kai su rawa ba, ba a ko faɗi sunayensu ba. Abin da Juliet Marillier ta yi shi ne ta juyo da labarin. Ta shiga ɗakin ƴan matan ta zauna tare da su. Daga can ciki, namijin da ke son tona asirin ba gwarzo ba ne. Wannan juyi shi ne babbar dabarar littafin, kuma ta yi nasara a kai.

Mai zuwa taimako

Da ɗari ya gabato, ciwon ƙirji ya kama Teodor. Aka ce in ya zauna cikin wannan sanyi ba zai kai bazara ba. Sai ya tafi Constanta, wani gari a bakin Baƙin Teku inda sanyi ke da sauƙi. Ya bar gida a hannun Tati da Jena, ya bar wa Jena littafin lissafi da akwatunan kuɗi. Ya ce in abu ya yi wuya su nemi baffansu Nikolaye, ɗan uwansa mai gidan gona a maƙwabtansu. Nikolaye mutumin kirki ne. To, ba a daɗe ba ya mutu wurin farauta. Gidansa da dukiyarsa suka koma hannun ɗansa Cezar, saurayi ɗan shekara 18. Sunan nan, yadda kuka karanta shi da Hausa haka ƴan Rumaniya ke faɗinsa, da irin "ce" tamu.

A nan littafin ya fi ƙarfi, don haka bari mu ɗan zauna a nan.

Cezar bai zo da takobi ba. Da gaisuwa ya zo, da tambayar lafiya. Farko ya ce a nuna masa littafin lissafi, don ya ga ko akwai inda zai taimaka. Ya tarar kuɗin cefane sun yi ƙasa, saboda Jena ba ta korar mabukata daga ƙofa, ga kuma gyare-gyaren gona. Ya girgiza kai, ya ce ai dama wannan nauyi ya fi ƙarfin yarinya. Ya ɗauke akwatunan ya kai gidansa, wai ajiya. Daga ran nan ko kwabo za a kashe sai an je an roƙe shi, a faɗa masa abin da za a yi da shi. Paula tana ɗaukar karatu wurin wani limamin coci mai suna Sandu. Cezar ya ce wannan irin karatu ba na ɗiya mace ba ne, zai ɓata ta, ya sa aka ɗauke malamin. Jena ta rubuta wa babansu wasiƙa, amma masu kai wasiƙa mutanen Cezar ne, amsa kuwa shiru. Da aka tarar da wata yarinyar ƙauye, Ivona, a mace, aka ce Mutanen Dare ne, sai ya sami hujjar da yake nema. Ya tara maza suka shiga farautar mutanen daji, ya yi rantsuwa sai ya sare dajin duka. Ya ce gidan ƴan matan ba tsaro, ya tare a ciki da mutanensa. Ya hana su fita. A ƙarshe ya ce wa Jena ta aure shi.

Ku ƙidaya matakan nan. Ba ɗaya cikinsu da zai sa maƙwabci ya ɗaga murya. Kowane mataki da sunan taimako ya zo, kowane kuma da ƴar gaskiya a jikinsa. Kuɗin sun ragu da gaske. Yarinyar ƙauyen ta mutu da gaske. Daji yana da haɗari da gaske. Shi ya sa Jena ta rasa inda za ta tsaya ta ce a'a. In ta yi gardama a ce ba ta da kunya, in ta yi shiru a ce ta yarda. Ranar da ta ankara, ita da ƙannenta sun zama baƙi a gidan ubansu. Abin da ya fi ban tsoro, Cezar da kansa ya gaskata cewa alheri yake yi. Marubuciyar ba ta mai da shi ɓarawo mai dariyar mugunta ba. Ta nuna shi mutum ne da ba ya iya jin "a'a" daga bakin mace, har ya ɗauka in ta ce a'a ba ta gane ba ne, sai an sake yi mata bayani.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi da gonar marayu, ko da awakin matar da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, zai gane Cezar tun daga sallamarsa. Mutanen Dare da haƙoransu ba su ba ni tsoro kamar wannan saurayi mai ladabi da ke zaune kusa da murhu yana shan abin da aka dafa masa ba.

Akwai wani abu kuma da littafin ya faɗi daidai, wanda ya shafe mu mu da ke zaman karatun manya. Jena ta iya karatu, ta iya lissafi. Saboda haka ba a iya ruɗinta. Ta san abin da ke cikin akwati, ta san abin da aka ɗauka, ta san hakkin wa ne. Amma sanin nan shi kaɗai bai maido mata da makulli ba. Al'ada tana bayan Cezar, maza suna bayansa, hanyar wasiƙa tana hannunsa. Littafin bai yi mana ƙaryar cewa da ka iya baƙi shi ke nan ka tsira ba. Ya nuna rubutu yana buƙatar wanda zai kai shi, lissafi kuma yana buƙatar wanda zai saurara in an karanta.

Ranar da Cezar ya sa namiji ya kwana a ɗakin ƴan matan don ya gano inda suke zuwa, suka ba shi abin sha ya yi barci, kamar yadda ɗiyan sarki suka yi a tsohuwar tatsuniya. Amma wannan karon mai karatu yana bayan ƴan matan, yana addu'a kada mutumin ya farka.

Wasan yara a bakin tabki

Me ya mai da Cezar haka? Yana da wa, Kosti, wanda shi ne magajin gida, shi ne kuma uba da uwa suka fi ji da shi. Wata rana suna yara, Kosti yana da shekara 10, Cezar 8, Jena 5, suka saci jiki suka je Tabkin Yele inda aka hana su zuwa. Suka gamu da wata tsohuwa. Suka shiga wasan sarauta. Kosti ya ce shi ne sarkin tabki, Cezar ya ce shi ne sarkin ƙasa, Jena ta ce ita ce sarauniyar aljanu. Tsohuwar ta ce kowa ya ba da abin da ya fi so. Kosti ya ba da zoben gidansu. Jena ta ba da ƴar hular sarautar da ta yi da hannunta. A ranar ruwa ya ci Kosti. Tun daga nan Cezar ya tsani daji da duk abin da ke cikinsa.

Sai can wajen ƙarshe muka ji abin da Cezar ya bayar. Wansa ya bayar. Tsohuwar ita ce Dragutsa, mai sihirin daji, ta kuwa biya wa kowa bukatarsa ta hanyar da bai zata ba. Cezar ya zama mai ƙasa. Jena ta sami ƙofar shiga wurin aljanu. Kosti bai mutu ba, kwaɗo ya zama. Shi ne Gogu.

Wannan wuri ya ginu da kyau. Da ka ji shi, duk fushin Cezar sai ya sake kama. Dajin da yake son sarewa shi ne shaidar abin da ya yi. Mai karatu mai lura zai gane Gogu tun da nisa, amma wannan bai ɓata kome ba, don a tatsuniya ma mukan san gizo zai faɗa rami, mu zauna mu ji yadda zai faɗa. Abin da ya fi daɗi shi ne abin da ya biyo baya. A tatsuniyar Grimm, ɗiyar sarki ƙyamar kwaɗon take, har ta maka shi da bango, sa'an nan ya zama mutum. A nan Jena tana son kwaɗonta, amma da ya zama mutum sai ta guje shi, saboda ta taɓa ganin fuskarsa cikin wani madubin sihiri ta rikiɗe ta zama dodo. Ta yarda da madubin da ta kalla sau ɗaya, ta ƙi yarda da abokin da suka shekara da shekaru tare. Kosti ya ji zafin abin ƙwarai. Sai da ta taka ta je ta ba shi haƙuri, ta toya masa irin wainar da takan yi masa da ganyen tabki tun yana kwaɗo. Wannan ɗan wuri ya fi duk rawar aljanun shiga rai.

Inda ya gaza

To, ga inda ni da littafin muka rabu. Wa ya kori Cezar? Dawowar Kosti. Babban wa ya dawo, magajin gaske, dukiya ta koma hannunsa, Cezar ya fita ya bar ƙasar. Ku tambayi kanku: da a ce kwaɗon nan kwaɗo ne kawai fa? Da akwatin yana nan a gidan Cezar. An ɗauki tsawon littafi ana nuna mana yarinya mai hankali da ƙarfin zuciya, ta tsaya, ta yi gardama, ta shiga daji ita kaɗai neman Dragutsa. Amma da aka zo kwance ƙullin, sai aka nemo wani namijin da ya fi na farko hakki. Kosti mutumin kirki ne, yana girmama lissafin Jena, za su yi auren zumunci su riƙe fatauci tare. Madalla. Amma wannan sa'a ce. Dokar da ta ba Cezar dama tana nan yadda take, an dai canja mai riƙe da ita. Yarinyar da ba ta da kwaɗo a aljihu ba ta sami amsa a nan ba.

Na biyu, maganar Tati. A wurin rawa ta ga wani saurayi mai baƙaƙen tufafi da ya zo tare da Mutanen Dare. Ma'anar sunansa Baƙin Ciki. Asalinsa ɗan adam ne, an sace shi tun yana yaro tare da ƙanwarsa. Tati ta kamu da sonsa. Daga nan ba ta ƙara amfanar da gidan da kome ba. Ita ce babba, amma ta bar wa Jena dukan kaya. Da aka raba su ta daina cin abinci, ta rame har ta kusa mutuwa. Sarauniyar aljanu ta ba saurayin aiki mai wuya, ya kawo abu 3 daga ƙasashe masu nisa cikin wata ɗaya, har da ƙoƙon ruwa cike fal daga wata rijiya, kada ya zuba. Ya kawo. Tati ta bi shi waccan duniya, ta bar ubanta da ƙannenta, ƙofar kuma ta rufe.

Mu ma muna da tatsuniyar yarinyar da ta ƙi samarin gari ta bi kyakkyawan baƙo, a hanya ya rikiɗe. Tamu gargaɗi ce. Marubuciyar ta so ta ce ba kowane baƙo ne dodo ba, kuma babbar yarinya tana da ikon zaɓen hanyarta ko da ƴan uwa ba su so. Ban ƙi wannan ba. Abin da na ƙi shi ne yadda aka sa ƙin cin abinci ya zama shaidar so na gaskiya, har aka saka mata da abin da take nema. Littafin na matasa ne. Yarinya ƴar shekara 16 da ta kwanta ta ce ko shi ko mutuwa ba ta burge ni ba, kuma ban ga marubuciyar ta auna nauyin abin da ta rubuta ba.

Ita Dragutsa fa? Littafin yana nuna ta mai hikima ce, wai duk abin da ta yi don yaran su koyi darasi ne. Amma ta ɗauki maganar yaro ɗan shekara 8, mai kishin wansa kamar kowane ƙane, ta ɗaure shi da ita har girmansa. Ta bar uwa tana kukan ɗanta shekara 10. Nikolaye ya shiga kabari bai san ɗansa yana da rai ba, alhali yaron yana zuwa gidansa cikin aljihun Jena. In wannan ce hikima, tana da tsada, kuma ba mai hikimar ce ta biya ba. Aka hukunta Cezar, ba wanda ya tuhumi tsohuwar.

Tarihin kuma shafe-shafe ne kawai. A 1514 talakawan ƙasar Hangari, wadda Tiransilbaniya ke ƙarƙashinta a lokacin, sun yi babban bore bayan wani mutum mai suna Dozsa. Aka murƙushe su, aka yi dokar da ta ɗaure manomi a gonar ubangidansa, ba shi da ikon tashi. A 1526 Turkawa suka ci rundunar Hangari a Mohacs. Zamani ne mai zafi ga talaka. A littafin kuwa talakawa su ne Florika mai dafa abinci da tsoho Petru mai aikin gona, masu biyayya, masu son iyayen gidansu. Ivona ba mu san ta ba sai da ta mutu, mutuwarta ma don labarin masu gida ya ci gaba ne. Wanda ke neman sanin yadda manomin Tiransilbaniya ya rayu, ba a nan zai samu ba.

Amma in don ɗumi ne, akwai shi. Marubuciyar ta iya ɗakin girki: wuta na ci, ƙanƙara na zuba a waje, ƴan mata biyar suna ɗinki suna faɗa suna shiryawa. Ta san yadda ƴan uwa mata suke, yadda ƙarama ke leƙen babba, yadda ta tsakiya ke jin an manta da ita. Suna cin wani abinci mai suna mamaliga, wanda tuwo ne sak. Yau da garin masara ake tuƙa shi, amma masara daga Amurka ta fito, kafin ta iso ƙasarsu da gero suke yi. Ashe mutanen bayan daji ma tuwon gero ya rene su. Tsoron da ke cikin littafin ba mai hana barci ba ne, ana iya ba da labarinsa da dare yara suna zaune, sai dai wurin Tati yana son babba ya tsaya ya yi magana.

Teodor ya warke, ya dawo da ɗari ya wuce, ya tarar da ɗiya huɗu maimakon biyar. Paula, wadda aka hana karatu, ita marubuciyar ta ba littafi na biyu, Cybele's Secret, wanda ya fito a 2007. A can ta girma, ta bi babanta fatauci har birnin Istambul, ita ce mai taimakonsa saboda harsunan da ta iya.